Inuwar Giginya

Karatu: Irmiya 29:4-7, Littafin Firistoci 19:23-25

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa shigowa Kano ta hanyar Zariya, ka san Na'ibawa. Kafin mota ta kai ka tsakiyar gari sai ta bi da kai kusa da kasuwanni biyu waɗanda itace ne ya kafa su duka. Ɗaya ita ce 'Yan Katako, inda ake jibge katakon da manyan motoci suka kwana suna ɗaukowa daga dazuzzukan kudu, injin tsaga yana ta kuka tun da safe. Ɗayar kuwa 'Yan Lemo ce, inda ake sauke lemon Binuwai da mangwaro da sauran kayan marmari, kowanne a lokacinsa. Yaron da ya tashi a wannan unguwa kullum yana ganin itace, amma ta fuska biyu kaɗai: gawarsa a 'Yan Katako, 'ya'yansa a 'Yan Lemo. Itacen da kansa, yana tsaye da ransa a inda aka dasa shi, yana can wata jiha da yaron bai taɓa zuwa ba. Wanda ya dasa shi kuma bai san da yaron ba, wataƙila ma ya daɗe da kwantawa.

Ka riƙe wannan a zuciya, gama a kansa maganarmu za ta tsaya. Makarantun firamare da dama, na gwamnati da na ikkilisiya da na masu zaman kansu, sukan fitar da yara da damina su dasa itatuwa a harabar makaranta. Wasu kuma sukan kai su Gidan Zu, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, su ga namun daji, su ci abincinsu a ƙarƙashin manyan itatuwan wurin. Kowa ya ga hoton yara riƙe da dashe sai ya ce madalla. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba. Shekara shida yaro yake yi a firamare. Tsamiyar da ya dasa yana aji uku ba za ta yi inuwar da za a zauna ba sai ya daɗe da barin makarantar. To, daidai ne a ɗora wa ƙaramin yaro wahalar da wani zai ci moriyarta? In kuwa daidai ne, mene ne yake koya a ciki wanda allo da alli ba za su koya masa ba?

Bari mu fara da garin kansa. In ka saurari sunayen unguwannin Kano sai ka ji kamar ana lissafa itatuwan daji: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Rimin Kebe, Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa, Tsamiyar Boka, Kukar Bulukiya. Babbar kasuwar birni, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau Kurmi ake ce mata, saboda kurmin da ke wurin a bakin Jakara kafin a kafa rumfa ko ɗaya. Mutanen dā da itace suke kwatance, a gindinsa suke yanke shari'a, a can ake cin kasuwa, a can baƙo yake sauke kayansa. Yau ka tsayar da yaron Giginyu ka ce ya nuna maka giginya, ko na Ɗorayi ya gaya maka daga wane itace ake samun kalwar da ake daddawa, mai yiwuwa ne ya yi shiru. Sunayen sun rage, masu sunayen sun tafi. Wannan rashi bai tsaya ga inuwa ba, gama yaron da bai san ɗorawa ba akwai abin da bai sani ba game da miyar da yake sha da kuma kakar da ta haifi uwarsa.

Zan faɗa maka laifina, domin daga gare shi na koyi abin da nake rubutawa. Wata shekara aka roƙe ni in taimaka wa wata ƙaramar makaranta a gefenmu ta shirya ranar dashe. Muka samo dashe a baƙar leda, darbejiya da mangwaro da gwaiba. Cikin watan Agusta ne, ƙasa a jiƙe. Muka tona ramuka, yara suka yage leda, suka sa dashe, suka danna ƙasa da tafin hannu, aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka ɗauki hoto. Na koma gida ina jin na yi wa Allah aiki. Ban sake bi ta kansu ba sai bayan Ista. Da na je, abin da na tarar 'yan sanduna ne busassu a tsaye cikin ƙura. Awaki sun ci na bakin ƙofa, gara ta ci na jikin katanga, saura kuwa ƙishirwa ta kashe su. Ɗaya tak ya rayu, wani mangwaro a bayan aji. Da na tambaya, sai aka ce wata yarinya 'yar aji huɗu ce ta kewaye shi da fasassun bulo, kullum kuma in an wanke hannu bayan tara sai ta tara ruwan a gwangwanin madara ta kai masa. Ba wanda ya sa ta. Ranar dashen ma ba ta cikin waɗanda aka ɗauka a hoto.

Na yi zaton dashe ne aikin, ashe reno ne. A Kano ruwan sama yakan ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba ya komowa sosai sai wajen Mayu ko Yuni. Tsakanin nan akwai hunturu mai busar da komai, sa'an nan bazara, lokacin da zafi yakan haura digiri 40. Watanni bakwai ke nan da ƙaramin dashe ba shi da kowa sai wanda ya tuna da shi. Ranar dashe yini ɗaya ce, kuma akwai tafi a cikinta. Ranakun reno sun fi ɗari biyu a shekarar fari kaɗai, ba mai kallo.

Abin da ya same mu a ƙaramin fili ya taɓa samun manya a babban fili. In ka bi hanyar Katsina ka wuce Jibiya ka ƙetare iyaka, za ka isa Maraɗi a ƙasar Nijar. A farkon shekarun 1980 wani masanin noma daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya je can aiki a ƙarƙashin mishan ta SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga aikinta. Fari da sassabe sun riga sun tsiraita ƙasar. Ya yi ta renon dashe yana rarrabawa ƙauyuka, yawancinsu kuwa suna mutuwa, har ya kusa fid da zuciya. A 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro irin wanda manoma suke sarewa kowace shekara kafin shuka. Da ya duba ganyen da kyau sai ya gane ba ciyawa ba ce. Toho ne daga kututturen itacen da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Abin da ake bukata shi ne manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututturen, ya rage sauran, ya tsare su daga wuta da dabba da gatari. Manoman Maraɗi suka raɗa wa wannan hanya suna sassabin zamani. Ba nan da nan ta karɓu ba. Lokacin yunwar 1984 mutane da yawa sun bi ta saboda abincin taimako da ake bayarwa, da yunwa ta wuce kuma wasu suka sake sare itatuwan. Amma waɗanda suka dage suka ga gero ya ƙaru, iska ta daina binne shuka, mata sun huta da dogon zuwa itace. Daga maƙwabci zuwa maƙwabci abin ya bazu, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a kan hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Ka lura da abu biyu a wannan labari. Na fari, abin da ya mai da daji ba yawan dashe ba ne, lura ce da tsaro na shekara da shekaru, irin na yarinyar nan mai gwangwani. Na biyu, saiwar da ta ceci manoman Maraɗi ta itatuwan kakanninsu ce. Mutanen da suka mutu tun kafin a haife su sun bar musu ajiya a ƙarƙashin ƙasa, ba tare da sun san wa zai tona ba.

Yanzu mu koma makaranta mu ga abin da yaro yake samu in an ba shi itace ya rena. Akwai ilimin da kowa zai yarda da shi. Yaron da yake auna tsawon dashensa da igiya kowane wata, ya ɗora igiyar a kan ma'auni, ya rubuta a littafi, ya debe tsawon watan jiya daga na wannan watan, lissafi yake yi, kuma ya san dalilin da yake yin sa. In malami ya kafa sanda a rana ya sa yara su auna inuwarta, sa'an nan su auna inuwar dogon itace, za su iya faɗin tsawon itacen ba tare da kowa ya hau ba. In aka fita da su bayan gari suka ga gawo, za su yi mamaki, gama shi da damina yake zubar da ganye sa'ad da kowane itace yake kore, da rani kuma ya yi lif. Shi ya sa gero yake yin kyau a gindinsa: ba ya tare wa shuka rana, ganyensa taki ne, dabbobi kuma sukan taru a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa, su bar wa gonar kashinsu. Za su koyi cewa darbejiyar da ta cika titunanmu baƙuwa ce, asalinta daga ƙasar Indiya, zamanin Turawa aka kawo ta. Za su bambanta magarya da kurna, kanya da ɗinya, aduwa da goruba, su san kuka tana ba da miya, kaɗanya tana ba da man kaɗe. Harshensu na Hausa zai ƙara nauyi, domin kalmar da yaro ya taɓa da hannunsa ba ta saurin ɓacewa.

Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi, wato amana. In yaro ya manta littafinsa a jaka har hutu ya ƙare, zai same shi yadda ya bar shi. Dashe ba haka yake ba. Abu ne mai rai wanda ba ya kuka, ba ya kai ƙara, ba ya bulala, ba ya kuma ba da alewa. In ka yi masa sakaci ba zai ce maka komai ba, ganyensa ne kawai zai langaɓe. Yawancin abin da muke koya wa yara da tsoro ko da kwaɗayi muke koya musu: yi kaza don kada a doke ka, yi kaza a saya maka takalmi. Itace kuwa yana koya wa yaro ya cika alkawari ga wanda ba zai iya tilasta masa ba. In ka duba, ai yawancin amanar da za a ba shi in ya girma irin wannan ce: tsohuwar uwa wadda ba za ta yi ƙara ba, kuɗin baiko da ba wanda ya ƙirga, aikin dare a masana'anta sa'ad da shugaba yake barci.

Sai kuma haƙuri. Yaron yau ya saba da danna waya abu ya fito nan take. Itace ba ya jin dannawa. Zogale yakan ba da ganye cikin 'yan watanni, mangwaron aure sai an shekara uku ko huɗu, tsamiya da kuka da ɗorawa kuwa sai an yi ta jira. A cikin karatunmu na Littafin Firistoci an umarci Isra'ilawa cewa in sun shiga ƙasar suka dasa itatuwan abinci, kada su ci 'ya'yan har shekara uku, na shekara ta huɗu a keɓe wa Ubangiji, sai a ta biyar su ci. Ka ga mai dashen ma an sa shi a bayan layi. Doka ce da take cire hannun mutum daga abin da yake gani nasa ne, har ya tuna daga wurin wa ya zo.

Wani lokaci kuma dashen yakan mutu ko da yaron ya yi iyakar ƙoƙarinsa. A nan ina roƙonka, in kai malami ne ko uba, ko ke uwa ce, kada a je da dare a sauya masa da wani a ɓoye. A zauna da yaron a duba tare. In sakaci ne, a faɗa masa da taushi, ya san aikinsa yana da nauyi. In kuwa gara ce ko akuyar maƙwabta, a faɗa masa ba laifinsa ba ne. Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa shi ya yi shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma girman daga Allah yake. Yaron da ya koyi rarrabe abin da yake hannunsa da abin da ba ya hannunsa ya sami hikimar da dattawa da yawa ba su samu ba. Sa'an nan a ba shi wani dashen, a zuba toka saboda gara, a kewaye shi da ƙaya.

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu tana da nauyi. Wani uba zai ce, ni da na baro ƙauye na zo Kano, nake tsayuwar sa'a goma sha biyu a gaban inji don in biya kuɗin makaranta, ban yi haka don a mai da ɗana ga fartanya ba. Wannan uba ba jahili ba ne. Ya san zafin noma, ya kuma tuna makarantun da malamai suke tura yara gonarsu da sunan darasi, ko su mai da sharar fili da ɗiban ruwa horon mai laifi. In haka za a yi, gara a bari. Ranar da ban ruwa ya zama hukuncin makara, ranar yaro zai tsani itace. Aikin ya zama daidai ƙarfin yaro, gwangwani ɗaya da yamma, kada ya ci lokacin karatu, kada kuma amfaninsa ya tafi gidan malami. In an kiyaye wannan, sai mu ce wa uban: fartanyar da ka gudu daga gare ta ta talauci ce, wadda ba ta da zaɓi. Ɗanka zai iya zama likita ko injiniya, amma likitan da ya taɓa renon abu mai rai tun yana ɗan shekara takwas zai bambanta da wanda bai taɓa ba.

Ja na biyu ya fi zafi. Wa ya sare itatuwan? Ba yara ba ne. Mu ne muka yanka filaye muka sayar har ba a bar wurin da itace zai tsaya ba. Mu ne muke sayen gawayin da ake shigowa da shi buhu-buhu. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai sun ciyar da dubban gidaje, da yawa daga cikinmu a can muke samun abin sawa a baka, amma kowa ya san ruwan da yake fita daga wasunsu. Na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa Kogin Challawa, na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, a bakin waɗannan ruwaye kuma ake noman rani. Majeman Kano na dā da 'ya'yan bagaruwa suke jima, har fatarsu ta yi suna a ƙetaren Sahara. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, wanda ba ya ruɓewa in ya shiga ƙasa. To, ba munafunci ba ne manya su ɓata ƙasa da ruwa, sa'an nan su miƙa wa yaro dashe a leda su ce ya gyara?

Munafunci ne, in a nan muka tsaya. Ba na ɗora laifi a kan matar da take girki da gawayi domin gas ya fi ƙarfin aljihunta, ko leburan da ba shi ne ya tsara inda bututu zai zubar ba. Amma kowannenmu yana da iyakar da hannunsa yake kaiwa. Mai gida yana iya barin taku biyu a tsakar gida ba siminti. Dattawan ikkilisiya suna iya fasa sare darbejiyar harabar majami'a don a sami wurin ajiye mota biyu. Mai mukami a masana'anta yana iya buɗe baki a kan tace ruwa kafin a sake shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da aka koya masa reno da safe, ya komo da yamma ya tarar an kwantar da itacen ƙofar gidansu don a kafa shago, ya koyi darasi, amma ba wanda malami ya nufa ba.

Ja na uku ba a cika faɗarsa a fili ba, amma na sha jin ta a zaure bayan sujada. Yawancinmu a Na'ibawa da kewaye haya muke yi. Wasu daga kudancin Kaduna suka zo, wasu daga Filato ko Adamawa, wasu kuwa Hausawa ne daga ƙauyukan Kano da Katsina, duk da haka sukan ji kamar baƙi ne. Akwai waɗanda suka ga tashin hankali a garin nan da idonsu, har yau jakarsu ba ta nisa da ƙofa. Sai mutum ya ce, don me ɗana zai dasa itace a ƙasar da gobe mai gida zai iya ba mu takardar tashi? Wa zai sha inuwar?

Hausawa suna cewa inuwar giginya, na nesa ka sha. Zargi ne ga mutumin da alherinsa yake tsallake na kusa ya faɗa kan bare, gama giginya doguwa ce, inuwarta can nesa da gindinta take sauka. Amma ka yi tunani, kowane itace mai daɗewa giginya ne. Inuwarsa tana tsallake wanda ya dasa shi, ta sauka can gaba cikin shekaru, a kan mutanen da bai sani ba. Kai ma na nesa ne ga wani. Inuwar da ka tsaya a ciki kana jiran mota jiya, wa ya dasa ta? Lemon da ka saya wa mara lafiya a 'Yan Lemo, ka san sunan wanda ya yi masa ban ruwa? Ba wanda ya tambaye ka garinku ko addininka kafin ka ci. In mun ƙi dasawa domin ba mu ne za mu sha ba, mun zama masu ci daga akushin da ba mu taɓa zuba komai a ciki ba.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. A Farawa sura 21, Ibrahim ya dasa itace a Biyer-sheba ya kira sunan Ubangiji a wurin, alhali yana zaman baƙunci a ƙasar Filistiyawa, mutumin alfarwa ne wanda ko kabarin matarsa sai da ya saya daga baya. Annabi Irmiya kuma ya aika wasiƙa ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, mutanen da zuciyarsu take kan hanyar komawa gida, waɗanda annabawan ƙarya suke ce musu zaman ba zai daɗe ba. Ya ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. In an faɗa wa kamammu haka game da birnin da ya ci su da yaƙi, balle mu da Kano, inda muke cin abinci, inda aka haifi 'ya'yanmu, inda wasunmu kakanninsu suke kwance. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna ɗaukar dashen itace sadaka ce mai gudana. Ga wuri ɗaya ke nan da yaronmu da nasu za su iya riƙe bokiti ɗaya ba tare da kowa ya bar bangaskiyarsa ba.

Saboda haka amsar tambayarmu ta fari ita ce i, daidai ne, muddin aikin bai fi ƙarfin yaro ba, muddin kuma manya sun ɗauki nasu kason. Abin da muka ɗauka aibin aikin ne, wato cewa wani ne zai ci moriya, shi ne ainihin darasin. Yaron da ya gane cewa inuwar da yake cin ƙosai a ciki lokacin tara wani ɗalibi ne ya bar masa, ya kuma yarda ya bar wa na bayansa, ya fara fahimtar ƙaunar maƙwabci ta hanyar da haddar aya kaɗai ba za ta kai shi ba. Maƙwabcin nan bai ma zo duniya ba tukuna, ba zai taɓa ce masa na gode ba.

In wannan magana ta shige ka, kada ka fara da ɗari. Ka fara da abin da za a iya shayarwa a watan Maris. Kowane aji a makarantarku, ko a makarantar Lahadi, ya ɗauki itace biyu ko uku. A dasa cikin Yuli ko Agusta sa'ad da ruwa ya zauna, a kewaye tun ranar, a rubuta wanda zai kula da su lokacin hutun Kirsimeti da na Ista, gama a nan yawanci suke mutuwa. Ruwan wanke hannu da na ɗauraye kwano ya isa, amma kada a ba itacen da za a ci 'ya'yansa ruwan kwatar masana'anta. Kafin a sayo dashe, a zaga da yara gefen katanga a duba ko akwai kututture mai toho da yake jiran a lura da shi. In 'yan aji shida za su fita, su kama hannun 'yan aji ɗaya su kai su gindin itacen, su ce ga amanarku. Kai kuma, in Allah ya kai mu bazara, ka je ka duba. Ni ban je ba, na kuwa faɗa maka abin da na tarar.

Addu'a: Ya Ubangiji Allah, mun sha inuwar da ba mu dasa ba, mun ci 'ya'yan itacen da ba mu shayar ba. Ka gafarta mana sakacinmu. Ka ba 'ya'yanmu hannu mai reno da zuciya mai haƙuri, ka sa su ga haka a wurinmu tukuna. Ka ba garin Kano ruwa a kan kari da zaman lafiya, mu da maƙwabtanmu duka. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.